Ƙarfen da Bai San Sassauci Ba

A wata unguwa da ke bayan birnin Ditroyit, cikin jihar Mishigan ta Amurka, an yi wani tsohon bakanike da ya ajiye sufana bayan ya shafe fiye da shekara 40 yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Ditroyit gari ne da mota ta yi wa suna, don a cikinsa da kewayensa manyan kamfanonin nan uku suke, General Motors da Ford da Chrysler. Da wuya ka shiga gida a yankin ba ka tarar da wanda ya taɓa cin abinci ta hanyar mota ba.

A garejin bayan gidan tsohon akwai wata mota da ta daɗe lulluɓe da tamfol, Chevrolet Camaro ƙirar 1968. Tana cikin motocin nan masu ɗan karen ƙarfi da Amurkawa suka yi yayi daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, zamanin da fetur ke araha. A ɗauko mota mai ƙofa biyu wadda jikinta bai cika nauyi ba, a cusa mata ƙaton inji mai silinda 8, shi ke nan. Pontiac GTO ta 1964 ake yawan cewa ita ta buɗe fagen, ita kuwa Camaro an fito da ita a ƙarshen 1966 don ta kara da Ford Mustang.

Tsohon yana da jika, saurayi ɗan shekara 20 da 'yan kai, wanda tun yana ƙarami idonsa ke kan motar nan. Wata rana ya yi ta maza ya ce, "Kaka, motar nan fa ruɓewa take yi a banza. Ka ba ni ita mana."

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Na ba ka. Amma da hannunka za ka tashe ta. Ni nawa ido ne da baki."

Aiki ya kankama. Gishirin da ake barbaɗa wa titunan Mishigan lokacin ƙanƙara ya riga ya cinye ƙasan motar, sai da aka yanyanke aka yi walda da sabon ƙarfe. Aka sauke injin, wanda asalinsa mai lita 5.7 ne, aka kai shi wurin masu gyaran silinda suka ƙara masa faɗi, aka sa masa karanshaf mai dogon zango, ya koma lita 6.3. Duk abin da yaro ya samu a wurin aiki a motar yake ƙarewa: sabon kafireto, sabbin fistin, salansa mai rugugi, da jan fenti mai ɗaukar ido. Burinsa ɗaya ne. Tun daga 1995 aka saba, a Asabar ta uku ta watan Agusta, masu tsofaffin motoci su fito da su titin Woodward su yi ta kai da komo, jama'a sun yi dafifi a bakin hanya suna kallo. Yaro ya ci alwashin bana da shi za a yi.

Ana saura kwana kaɗan a mayar da inji gurbinsa, tsoho ya tona kwandon tarkace ya zaro wani abu da girmansa bai wuce tafin hannu ba. Faifan ƙarfe biyu ne da baƙar roba manne a tsakaninsu. Robar ta tsattsage, baƙin man da ya shekara yana ɗiga a kanta ya jiƙa ta har ta yi luguf. Ya sa babban yatsa ya ɗan ɓamɓara, sai ga faifan sama ya rabu da na ƙasa, gutsattsarin roba na zuba a ƙasa.

Ya ce, "Kai, ɗan nan, injin naka a kan me zai zauna?"

Yaro ya ce, "Au, mazaunin inji? Ai wannan ƙaramin abu ne, Kaka. Ko gobe sai in leƙa kanti in ɗauko."

Tsoho ya ce, "Allura ma ƙarama ce, amma ƙarfe ce. Zo ka ga. Duk girman injin nan da giyabos ɗinsa, wuri uku kacal suke zaune a kan jikin mota. Ɗaya a hagun inji, ɗaya a dama, na ukun a ƙarƙashin wutsiyar giyabos. In ka taka totur, karanshaf zai juya ta gefe guda, shi kuma gangar jikin injin ya nemi murɗawa ta ɗaya gefen. Sai ɓangaren dama ya danna ƙasa, ɓangaren hagu, wato gefen direba, ya yunƙura sama. Roba tana jure danni, amma ja ba ta jure shi sosai. Shi ya sa kusan kullum na hagu ke fara tsinkewa."

Ya jawo kujera ya zauna, ya ci gaba. "Ina sabon shiga aiki, a watan Disamba na 1971, General Motors ya ba da sanarwar a dawo masa da motocin Chevrolet kimanin miliyan 6.7 a kan wannan ɗan abin da ka raina. Har da irin taka a ciki, don an haɗa da Camaro na 1967 zuwa 1969 masu silinda 8. Ka san abin da ke faruwa? In na hagu ya tsinke, direba ya taka totur, sai inji ya ɗaga. A lokacin sandar ƙarfe ce ta haɗa totur da kafireto, to da inji ya ɗaga sai ya ja sandar, mai ya ƙara kwarara. Ƙarin mai ya kawo ƙarin ƙarfi, ƙarin ƙarfi ya sa inji ya ƙara ɗagawa. Direba ya ɗauke ƙafa, mota ta ƙi sauraro. Wani lokaci ma tiyon da ke taimaka wa birki ya fizge, ka taka birki ka ji ya yi tauri. Gyaran da aka ba mu mu yi shi ne ɗaura wata igiyar waya da za ta tare injin kada ya wuce iyaka. Na ɗaura ta har hannuna ya yi kanta."

Yaro ya yi shiru yana saurare, amma abin da ya ɗauka daga labarin daban ne. A ransa ya ce, ashe roba maciya amana ce. Da dare ya shiga intanet ya ga masu tseren motoci suna ɗora injinansu a kan zallar ƙarfe, babu roba ko ƙyas. Nan take ya yi odar guda uku, biyu na inji, ɗaya na giyabos. Da suka iso ya baje su a kan teburin aiki suna ƙyalli.

"Kaka, na kashe maganar. Wannan har abada ba zai tsinke ba."

Tsoho ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. "Ba zai tsinke ba kam. To a ina za ka riƙa hawan motar?"

"A titi mana."

"Su waɗanda ka gani ɗin a fili suke gudu, shimfiɗaɗɗe sumul, tazarar da ba ta wuce mita 400 ba sai da kaɗan. Cikin 'yan daƙiƙoƙi sun gama, a ɗora mota a tirela a mayar da ita gida. Su wannan ya dace da su, don ba sa son ko ɗigon ƙarfi ya salwanta, kuma bayan kowane tsere sai sun bi notuna sun ƙara ɗaurewa. Kai kuwa za ka shiga ramukan titin Mishigan, ka tsaya a danja, ka ɗauki mahaifiyarka. Kana tsammanin don wauta aka sa roba? Tun 1931 Chrysler ya ɗora injin Plymouth a kan roba don girgizar inji ta daina shiga jikin mota, har kamfanin Citroën na Faransa ya sayi izinin amfani da dabarar. Girgiza ba ta ɓacewa, jikana. In wannan bai shanye ta ba, wani zai sha."

Yaro ya ce, "Kaka ke nan. Ai zamani ya wuce nan."

"To na ji. Amma ko da za ka sa ƙarfe a inji, ka bar na giyabos ya zama roba. Jikin mota yana murɗawa in taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa kwari. In ka ɗaure wuri ukun nan tamau, murɗawar za ta bi ta giyabos, shi kuwa kwanson giyabos ɗin Muncie da ke motar nan alminiyam ne. Ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi."

Yaro ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya yanke shawara. Tsoho ya ajiye ƙarfen ya ce, "Mota taka ce, kuɗi naka ne." Bai sake tayar da maganar ba.

Ranar da aka tayar da inji unguwa ta san an tayar. Rugugi ya cika gareji, maƙwabta suka fito, yaro baki har kunne. Amma da ya zauna a kujerar direba sai ya ji motar gaba ɗaya tana karkarwa. Madubin ciki yana rawa har ba ka iya rarrabe mota da mutum a bayanka. Makullai suna kaɗawa, murfin akwatin gaba yana ɓaɓatu, sitiyari yana sa tafin hannu ƙaiƙayi. Ya ce wa kansa ai haka ƙarfi yake. Ya ɗauki mahaifiyarsa don ta sa albarka, ba su yi nisa ba ta ce, "Don Allah sauke ni a nan, haƙorana nake ji suna haɗuwa. Na gwammace in taka da ƙafa."

Sati bai zagayo ba notunan salansa suka kwance, ya ɗaure. Wani noti ya faɗi daga jikin lagireto, ya sa wani. Wayar fitila ta tsinke daga mahaɗinta. Kullum da sufana a aljihu yake yawo. Tsoho yana zaune a ƙofar gareji da kofin gahawa, yana gani, bai ce uffan ba.

Ana saura kwana uku bikin Woodward, yaro ya faɗa wani rami da gudu, daga nan ya karkata ya hau gangaren gidan mai a kaikaice. Ya ji wani ɗan ƙas daga ƙasa, bai kula ba. Da gari ya waye sai ga tabon mai a simintin gareji, mai kauri, mai warin nan na man giya. Ya ɗaga mota da jak, ya sa mata matokara, ya shiga ƙarƙashi da tocila. A jikin wutsiyar giyabos, daidai inda aka ɗaure ta da mazaunin ƙarfe, ga tsaga siririya ta zagaye kusan rabi, mai yana tsattsafowa. Mazaunin kuwa yana nan garau, ko ƙwarzane babu.

Ya daɗe a kwance bai fito ba. Daga bisani ya ce, "Kaka, ya tsage."

Tsoho ya ce, "Na ga man tun da asuba."

Ranar Asabar suka ɗauki kujerun naɗi biyu suka je bakin titin Woodward suka zauna cikin 'yan kallo. Motoci suna ta wucewa, GTO da Mustang da Charger, har da Camaro masu irin jan fentinsa. Yaro bai iya cin abin da suka sayo ba. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Samun wutsiyar giyabos irin ta wancan zamani ya ci masa kuɗi da lokaci. Da aljihu ya yi sanyi, zuciya kuma ta ƙullaci ƙarfe, sai ya koma ɗaya gefen. Ya nemo mazaunin roba mafi araha da ya gani, irin tsohon yayi, faifai biyu da roba manne a tsakani. Ya kawo ya fara ƙoƙarin ɗaurawa, ramin noti ya ƙi haɗuwa, ya ɗauko guduma zai sa ƙarfi.

A nan ne tsoho ya miƙe. Ya taka har inda makullin motar ke rataye, ya zare shi ya jefa a aljihu.

Yaro ya ce, "Haba Kaka! Ba kai ka ce mota tawa ce ba?"

"Taka ce. Wancan karon kuɗinka za ka yi hasara, shi ya sa na ƙyale ka, don abin da aljihu ya koya wa mutum ba ya mantawa. Wannan kuwa rai ne, naka da na wanda ke tsallaka titi. Irin wannan ne ya tsinke a injin da bai kai naka ƙarfi ba. Kai ka ƙara wa inji ƙarfi, sannan ka ɗora shi a kan abin da ya kasa riƙe na asali? Muddin ina numfashi, motar nan ba za ta fita da wannan ba."

Yaro bai taɓa jin muryar kakansa ta yi kauri haka ba. Ya ajiye guduma.

Tsoho ya buɗe wata tsohuwar durowa ya ɗauko wani mazauni da ya taɓa tsagawa biyu da zarto don koya wa yaran gareji. Ya ce, "Duba cikinsa." Yaro ya duba. Roba ce a tsakani kamar kowanne, amma faifan sama yana da harshe da ya lanƙwaso, na ƙasa ma yana da nasa, sun sarƙe da juna ba tare da sun taɓa ba. Tsakaninsu akwai 'yar tazara cike da roba.

"Ka gani? In inji yana aikinsa na yau da kullum, ƙarfen nan biyu ba sa haɗuwa, roba ce ke shanye girgiza. Ranar da inji ya yunƙura fiye da kima, ko robar ta mutu, sai ƙugiya ta kama ƙugiya, ya tsaya cak. Da irin wannan aka maye gurbin na da. Yana barin inji ya motsa, amma akwai inda ba ya bari a wuce."

Suka zauna suka yi zaɓin tare, wannan karon da tambaya aka fara. Wane aiki motar za ta yi? Titi, da ɗan taka totur jefi-jefi. Ƙarfin injin fa? Ya fi na asali nesa ba kusa ba. Saboda haka a gefen inji biyu suka ɗauki masu ƙugiya, na wata roba mai tauri da ake kira foliyuretan, wadda baƙin mai ba ya cin ta da sauri kamar roba ta gargajiya, ko da yake takan bar 'yar girgiza ta wuce. A ƙarƙashin giyabos suka sa roba mai laushi, don tsoho ya ce ƙa'idar ita ce kada na giyabos ya fi na inji tauri.

Sai maganar ramin notin da ya ƙi haɗuwa. Tsoho ya miƙa masa ma'auni ya ce ya auna ƙafar ƙarfen da ke jikin shasi, inda mazaunin ke hawa. Ya bayyana masa cewa Chevrolet na wancan zamani suna da iri biyu masu kama da juna, gajere mai faɗi da dogo matsattse, bambancin faɗinsu rubu'in inci ne, kimanin milimita 6. Wanda ya saya da ido bai auna ba, ko dai noti ya ƙi shiga, ko inji ya zauna sama ko ƙasa da inda ya kamata. Daga nan sai fanka ta riƙa gogar murfinta, bututun salansa ya taɓa akwatin sitiyari, ko bonet ya ƙi rufuwa. In kuma kwanciyar inji ta sauya, farfelar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya sai ta kama girgiza in an yi gudu. Yaro ya auna sau biyu, ya rubuta a takarda, sannan ya yi oda.

Da kayan suka zo, tsoho ya hana shi ɗaure ko noti ɗaya tamau sai da duka ukun suka shiga, aka sauke injin a hankali ya zauna da nauyinsa, sannan aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka ƙulle. Aka tokare tayoyi, aka buɗe bonet, tsoho ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba. Yaro ya taka birki, ya sa giya ɗaya, ya ɗan saki kuloci yana ƙara totur kaɗan. Ɓangaren hagu na injin ya ɗan ɗaga, bai kai kaurin yatsa ba, ya tsaya, ya koma. Tsoho ya gyaɗa kai, ya zaro makullin gareji ya ce, "Buɗe ƙofa, mu zaga."

A hanya madubi ya tsaya wuri ɗaya, rugugin yana nan amma a waje yake, ba a cikin ƙashin mutum ba. Suka yi tafiya mai nisa ba wanda ya ce komai. Can yaro ya ce, "Kaka, da ka ƙwace makullin tun farko, ai da giyabos ɗina bai tsage ba."

Tsoho ya yi dariya. "Da na ƙwace tun farko, da yanzu kana can kana cewa tsoho ya cika takura, kuma ranar da ba na nan sai ka sa ƙarfen. In na tare ka a komai, za ka tsage. In na sake ka a komai, za ka kashe kanka. Sai a san inda za a saki da inda za a riƙe."

A Agustan da ya biyo baya jar Camaro ta bi titin Woodward, tsoho a kujerar gaba, mahaifiyar yaron a baya, kuma ba ta nemi a sauke ta ba.

Wannan labari na duk wanda Allah ya ɗora a tsakanin ƙarfi da mutane ne, uba ko uwa, malami, maigidan sana'a, ko shugaban ma'aikata. Mai taurin da ba ya sassauci yakan ɗauka shi ne gwani, don shi bai karye ba, alhali na kusa da shi ne ke tsagewa. Mai laushin da ba shi da iyaka kuwa kowa na jin daɗinsa, har ranar da abu zai ƙwace ya rasa mai tarewa. Idan kana riƙe da wani, ka yi haƙuri da ƙananan kurakuransa, ka bar shi ya koya da kuɗinsa da guminsa. Amma ka san iyakar da in an zo ta za ka ce a'a, kuma in ka faɗa kada ka janye.